Sabon babur mai kama da na da: Classic 350, CB350 ko Speed 400, wanne ya ci kuɗinsa?

Waɗanda data ba ta bari suka saurari shirin wannan makon ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Abin da ya jawo hirar yau, ƙanina ne ya turo min hoton wani babur wajen ƙarfe sha ɗaya na dare. Baƙi ne, fitilarsa zagayayya, tankinsa kamar ƙwai, salansa doguwa sai ƙyalli take. A ƙasan hoton ya rubuta, "Yaya, wannan zan saya. Shekara biyu ke nan ina tari." Na ce masa kada ya tura wa kowa ko sisi sai mun zauna. Da muka zauna sai na gane ashe ba shi kaɗai ba ne, abokansa ma duk irinsa suke hange a Instagram da TikTok. Shi ya sa na ce bari abin da na faɗa masa in faɗa wa kowa.

Irin waɗannan babura Turawa suna ce musu retro. Wato sabo ne fil daga kamfani, amma an ƙera shi ya yi kama da na shekarun 1950 zuwa 1970. Ku tuna hotunan iyayenmu a kan Honda Benly ko Roadmaster, an karkata hula an riƙe kan babur, to wannan kamannin ne ake sake sayar mana. A ciki ne abin ya canza. Babu kabureta, kwamfuta ce take auna man da zai shiga inji. Akwai ABS, wato na'urar da take hana taya ƙamewa in ka danne birki da ƙarfi. Kik ma babu, maɓalli za ka danna ya tashi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa, don a nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami.

Guda uku zan gwada muku: Royal Enfield Classic 350, da Honda CB350, da Triumph Speed 400. Na zaɓe su ne don su ne masu sauƙin kuɗi a wannan layin, duka ukun a Indiya ake ƙera su, kuma duka ukun na hau su lokacin da nake karatu a Pune. Classic hayarsa nake yi a ƙarshen mako, Honda na wani abokin karatuna ne, Triumph kuwa na gwada shi bayan fitowarsa a 2023.

Bari in ɗan taɓa tarihi, don ku san me ya kai sunayen Ingila Indiya. Bayan yaƙin duniya na biyu, Ingila ce uwa a harkar manyan babura: Triumph, BSA, Norton, Royal Enfield. A 1959 Triumph ta fitar da Bonneville, wanda har yau siffarsa ake kwaikwayo. Sai Japanawa suka shigo. A 1969 Honda ta kawo CB750 mai silinda huɗu, da birkin faifai, da maɓallin tayarwa, kuma ba ya yoyon baƙin mai. Kamfanonin Ingila suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, masana'antar Triumph ta Meriden ta rufe a 1983.

Royal Enfield ita ta tsira ne ta wata hanya. Tun 1955 ake haɗa babur ɗinta mai suna Bullet a Madras, garin da yanzu ake kira Chennai, saboda sojoji da 'yan sandan Indiya. Da uwar kamfanin ta mutu a Ingila, 'yar ta ci gaba da aiki a Indiya. Kamfanin Eicher ya karɓe ta a 1994, a 2009 suka fitar da Classic 350, matasan Indiya suka yi masa caa. Ganin wannan kasuwa ne ya sa Honda ta fito da CB350 a 2020. Ita kuma Triumph, wadda wani attajiri John Bloor ya farfaɗo da ita a garin Hinckley, ta haɗa kai da Bajaj suka yi Speed 400, ana ƙera shi a Chakan kusa da Pune. Eh, Bajaj ɗin nan dai da kuka sani, mai Boxer ɗin 'yan acaɓa.

Toh, mu shiga inji, don daga nan halin kowane babur yake fitowa. Abu biyu ake aunawa. Na farko ƙarfin ja, wato yadda injin yake tura ka gaba daga tsaye ko a hawan tudu, kamar sa mai jan amalanke, ba ya sauri amma ba ya gazawa. Na biyu ƙarfin doki, wanda shi ne yake ba ka gudu in ka murɗe totur. Classic 350 yana da ƙarfin doki 20, Honda 21, Triumph kusan 40. Kun ji ko? Triumph ya ninka su biyu, alhali girman injinsa 398cc ne, nasu kuma 349 da 348. Don ku samu ma'auni, Boxer 100 da muke hawa wajen takwas yake da shi.

Me ya kawo wannan tazarar? Siffar silinda ce. A Classic, faɗin fistin milimita 72 ne, amma tafiyar da yake yi sama da ƙasa ta kusa 86. A Honda faɗin 70 ne, tafiyar 90 da rabi. Wato silinda siririya ce doguwa. Irin wannan injin a hankali yake juyi, yana ba da ƙarfinsa tun daga ƙasa, shi ne kuma yake ba da ƙarar nan ta dum-dum-dum da ake so. Honda yana kai ƙarshen ƙarfin jansa tun injin yana juyi 3,000 a minti, Classic a 4,000. Triumph kuwa akasin haka ne: faɗi 89, tafiya 64 kawai. Fistin ɗin ba ya tafiya mai nisa, don haka yana iya juyi da sauri, ƙarfinsa na sama yana zuwa a juyi 8,000. Injin da ke irin wannan juyin yana ɗaukar zafi, shi ya sa aka sa masa lagireto da ruwa. Classic iska da baƙin mai ne suke sanyaya shi, Honda iska kawai.

A taƙaice, biyu daga cikinsu tsofaffin halaye gare su da sabon jiki, ɗaya kuma babur ne na zamani sak da aka sa wa rigar da.

Yanzu tuƙi. Classic 350 nauyinsa kilo 195 ne da mai a ciki. Boxer bai kai 130 ba. Ranar farko da na hau shi, a wajen ajiye babura na fara sanin bambancin, don tura shi baya da ƙafa aiki ne. Amma da zarar ya fara tafiya nauyin sai ya zama alheri. Yana zama daram a kan titi, iskar babbar mota ba ta kaɗa ka. Tayar gabansa inci 19 ce, ta baya 18, kuma babbar taya ta fi iya haye rami da gargada ba tare da ta fizge maka hannu ba. A tsohuwar hanyar Pune zuwa Lonavala, wadda masu babur suke bi saboda an hana su hawa babbar hanyar Mumbai, in na sa shi a 80 zuwa 90 sai in ji kamar in yi ta tafiya har dare. Sama da haka ba gidansa ba ne, ƙarshen gudunsa bai wuce wajen 115 zuwa 120 ba. In za ka wuce tirela, sai ka yi lissafi tun daga nesa. Wanda ya san tsohon Classic mai girgiza madubi har ba ka ganin bayanka, ya sani cewa a 2021 an canza injin gaba ɗaya, an sa masa wani ƙarfe mai juyi da yake kashe girgizar.

Honda CB350 kilo 181 ne, wato ya fi Classic sauƙi da kilo 14, kuma kana jin hakan a cunkoso. Girman tayoyinsa iri ɗaya ne da na Classic, 19 da 18. Abin da ya fi burge ni shi ne kulocinsa, laushi kamar ba ka matsa komai ba. Wanda ya taɓa kwashe awa ɗaya a goslo yana matsa kuloci ya san darajar wannan. Yana kuma da na'urar da take rage wuta in tayar baya ta fara sulɓi a kan yashi ko ruwa. Halinsa ɗaya da sai ka saba: giyoyinsa dogaye ne. Giya ta biyar ta babban titi ce, a cikin gari za ka riƙa saukowa ta uku da ta biyu fiye da yadda za ka yi a Classic, wanda shi ko ka manta shi a babbar giya zai ja ka a hankali. Tankin Honda lita 15 ne, sauran biyun 13.

Triumph Speed 400 kuwa wata duniya ce. Nauyinsa tsakanin kilo 170 da 176 ne gwargwadon ƙasar da aka kai shi, kujerarsa ta fi sauran ƙasa kaɗan, milimita 790, don haka gajere ma zai dire ƙafa. Giya shida gare shi, tayoyi inci 17 masu faɗi. A kwana kamar yana karanta zuciyarka, kana karkata ya bi. Wuce mota ba sai ka yi dogon lissafi ba, murɗawa kawai za ka yi. Amma a nan ne nake jin tsoro ga irin ƙanina. Wanda duk rayuwarsa doki takwas ya sani, ka ɗora shi a kan arba'in, hannunsa bai san abin da ya riƙe ba. Babur ɗin ba ya jin nauyi, ba ya ihu, sai ka duba agogo ka ga ka haura 110 a inda bai kamata ba, ga akuya ta fito. Sannan ƙananan tayoyi masu faɗi kwalta mai kyau suke so. Saboda haka ne ma Triumph ta yi masa ɗan'uwa, Scrambler 400 X, mai tayar gaba inci 19 da ƙarin tsayi, don hanyar da ba ta da kyau.

In kana yawan ɗaukar goyo, matarka ko ƙaninka, Classic da Honda sun fi wurin zama a baya. Triumph an fi yin sa don mutum ɗaya ya ji daɗinsa.

Mu zo kan kuɗi. Zan ba ku farashin da kowanne ya fito da shi a Indiya, kafin rajista da inshora. Honda a 2020 ya fara daga rupi 185,000. Sabon Classic a 2021 daga rupi 184,000. Triumph a 2023 rupi 233,000. Shekarun ba ɗaya ba ne kuma farashi ya motsa tun lokacin, amma tsarin a bayyane yake: biyun farko kusan kai ɗaya suke, Triumph ya ɗara su da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. In lissafin ƙarfin doki a kan kowane rupi za ka yi, Triumph ya cinye, babu gardama. Ƙarin kwata ɗin kuɗi, ninki biyu na ƙarfi, ga ƙarin giya, ga shokar gaba mai kauri irin ta baburan tsere. Shi ya sa fitowarsa ta girgiza kasuwar can.

Ban juya muku shi zuwa naira ko sefa ba da gangan, don canji ba ya kwana wuri ɗaya, kuma farashin shago a Indiya ba shi ne abin da za ka biya ba. Akwai kuɗin jirgi, akwai kwastam, akwai ribar wanda ya shigo da shi, akwai lamba da takardu. Ka tambayi farashinsa a ƙofar gidanka da takardu cikakku, shi ne farashin gaskiya.

Sai mai. Classic da Honda suna yin wajen kilomita 30 zuwa 35 a lita in ba ka matsa musu ba, Triumph ya ɗan fi su sha. Ga mai mota wannan araha ce. Amma ga wanda ya sauko daga kan Boxer ko Jincheng, kuɗin mansa zai tashi sosai, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita take ji a aljihu.

Yawwa. Yanzu mun zo inda na fi so ku buɗe kunne, wato zama da babur bayan an saya. Bari in ba ku labarin wautata. Bayan na dawo gida, na sayi wani babban babur na hannu da aka shigo da shi ta Kwatano. Ba ɗaya daga cikin ukun nan ba ne, kuma ba zan faɗi sunan kamfaninsa ba don laifin nawa ne. Wata biyu ina shan yabo a unguwa. Wata rana mai ya yanke min a hanya, na sayi galan a hannun 'yan bumburutu na zuba. Bayan kwana kaɗan babur ya fara shaƙewa, sai ya mutu. Na tura shi wajen wani dattijon bakanike da ya shekara talatin yana gyaran babura. Ya zagaya shi sau biyu, ya duƙa ya leƙa, ya ce, "Ɗana, ina kaburetar?" Na ce, "Baba, ai ba shi da ita." Ya goge hannunsa ya ce, "To wannan ba nawa ba ne. In na taɓa maka shi zan ƙara ɓata shi ne." Allah ya saka masa da alheri da ya faɗi gaskiya. Famfon mai ne da ke cikin tanki datti ya kashe. Kafin in samu wanda ya gano hakan, in yi odar famfon, ya iso, babur ya yi wata huɗu a ƙarƙashin darbejiya yana shan ƙura. Ƙarshe da asara na sayar da shi.

Wannan darasin ya shafi duka ukun da muke magana a kai, don babu mai kabureta a cikinsu. Duka suna da famfon mai na lantarki, da kwamfuta, da ƙananan na'urori masu aika mata saƙo. Suna son mai mai tsabta daga gidan mai. Suna son batir mai rai, tunda babu kik, kuma in batir ya mutu murus famfon ma ba zai turo mai ba. In fitilar inji ta kama, ana buƙatar na'urar da za a jona ta karanta matsalar. Siffar ta 1960 ce, amma gyaran na yau ne.

Duk da haka akwai bambanci a tsakaninsu. Injin Classic bawul biyu gare shi, kuma saita su da sifana da sukudireba ake yi, aikin da bakaniken kirki zai iya koya a rana ɗaya. Ba shi da lagireto, don haka babu ruwan da zai yi yoyo, babu fankar da za ta mutu. Honda ma haka, inji ne mai sauƙin hali, iska kawai yake buƙata. Triumph yana da bawul huɗu, da lagireto, kuma totur ɗinsa ba waya ce take ja ba, saƙon lantarki yake aikawa. Kamfanin ya sa tazarar sabis ɗinsa kilomita 16,000 ko shekara ɗaya, wato ba ya yawan zuwa gareji, amma in ya je ƙwararre yake so. Ni kuma a ƙurar hunturu irin tamu ba zan jira wannan tazarar ba kafin in duba filtar iska da baƙin mai, ko wane babur ne. Kuma kada wani ya ce maka tunda Bajaj ce take ƙera shi, kayan Boxer za su shiga. Ba sa shiga. Masana'anta ce ta haɗa su, ba kayan gyara ba.

Taya ma abin dubawa ce. Yawancin Classic da kuke gani a hoto masu wili na sifok ne, wato mai siraran wayoyi, kuma irin wannan da tif a ciki yake zuwa. In ƙusa ta shiga, iska take fita nan take, sai an kwance taya daga jikin babur mai kilo 195 kafin a yi faci. Honda da Triumph wilinsu na ƙarfe ne guda, tayar babu tif, ƙusa ta shiga ma sau da yawa za ka lallaɓa har wajen mai faci, ya toshe ba tare da ya kwance komai ba. Akwai Classic mai irin wannan wilin, sai dai bai kai mai sifok kyau a ido ba. Ka ga inda ado da sauƙin rayuwa suka rabu. Sannan ka tambayi kanka, a garinku wa yake sayar da taya inci 19, ko ta baya mai faɗin milimita 150 irin ta Triumph?

Batun sake sayarwa kuma, a Indiya Classic yana riƙe darajarsa saboda ya cika ƙasar, kowane lungu akwai mai gyaransa da mai kayansa. Wannan darajar ba ta hawa jirgi tare da babur. A nan in ka kai Boxer kasuwa da safe, kafin azahar ka karɓi kuɗinka. Babur irin wannan kuwa sai ka jira mai sha'awa, kuma mai sha'awa ya san kai ne a matse. Kada ka saye shi a matsayin ajiyar kuɗi.

Wasu za su ce, to manyan fa? A gurguje. Royal Enfield Interceptor 650 da ya fito a 2018 silinda biyu ne, doki 47, giya shida, shi ne matakin gaba ga mai doguwar tafiya. Triumph Bonneville T120 injinsa 1200cc ne, doki kusan 80, nauyi kilo 236, kuɗinsa kuma ya ninka na waɗannan sau da yawa. Kawasaki W800 ma yana nan, mai silinda biyu da iska take sanyayawa. Duka suna da kyau, amma duk abin da na faɗa kan gyara da kayan gyara yana ƙaruwa ne in babur ya ƙara girma. Ba da su ake fara koyo ba.

To wanne zan zaɓa? In abin da kake so shi ne kamanni da ƙara da tafiya a natse, kuma hanyarku akwai gargada, Classic 350 ne, ka yarda da nauyinsa da rashin gudunsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In babur ɗin hawa kullum kake so, zuwa aiki da dawowa cikin cunkoso, mai laushin kuloci da babban tanki da tayar da ba ta da tif, Honda ya fi dacewa. In kuma ka riga ka ƙware a tuƙi, kana yawan hawa babban titi mai kyau, kana da ƙwararren da zai duba maka shi, Triumph ne ya fi ba ka abu mai yawa a kan kuɗinka. Ni don kaina, a hanyoyin da nake bi, Honda zan ɗauka. Amma ko shi ba zan ɗauka ba sai na amsa tambayoyin da na ba ƙanina.

Ga su. Na ɗaya, wa zai gyara shi? Ba "akwai wani a Legas" ba, ka je ka gan shi da idonka, ka ga ya taɓa buɗe irinsa. Na biyu, in yau kana son filtar mai, fad ɗin birki, wayar kuloci, cen da sifoket, a ina za ka samu, kwana nawa za su iso? Ka kira mai kayan ka ji farashi kafin ka sayi babur. Na uku, bayan ka biya, nawa ya rage a hannunka? Shawarata ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin a gefe. A ciki za ka sayi hular kwano ta gaske mai rufe haɓa, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, sauran kuma na ranar da wani abu zai lalace ne. In kuɗinka iya na babur ne cif, to ba su kai ba tukuna. Na huɗu, ka hau shi kafin ka biya, ka tura shi baya da ƙafa, ka juya shi a lungu, ka ɗora shi a kan jak ɗinsa. Hoto ba ya nuna nauyi. In na hannu ne, ka duba takardun kwastam, ka gwada lambar jikinsa da ta takarda, ka tayar da shi da sanyin safiya kafin mai shi ya ɗumama shi.

Ƙanina dai ya yi shiru ya ce, "Yaya, ka kashe min jiki." Na ce ban hana ka ba, sati biyu na ba ka ka kawo min sunan bakanike da lambar mai kayan gyara, in ka kawo ni da kaina zan raka ka. Yau kwana tara ke nan. Ya samu bakanike ɗaya da yake da na'urar karanta kwamfutar babur, mai kayan gyara ne har yanzu yake nema, kuɗinsa kuma suna nan a asusunsa.

A nan za mu tsaya a wannan makon. Wanda yake da ɗaya daga cikin baburan nan a gida, ya aiko mana da yadda yake samun kayan gyara da nawa sabis yake ci masa, zan karanta a shiri na gaba don wasu su amfana. Ku sa hular kwano, ku rage gudu a cikin gari. Allah ya tsare mana hanya, sai mun sake haɗuwa.